Sunan da Tasalla Ba Ta Faɗa

Can bayan rairayin Bilma, inda raƙumi kan tsaya ya yi shawara da kansa kafin ya ɗaga ƙafa, akwai wata rijiya da ake shiga ta ƙasa a fito ta sama. Wanda ya bi ta, a Birnin Masu Yawo zai tsinci kansa, garin da taurarin nan biyar da ba sa zama wuri ɗaya suke yada zango. Fatake sun san labarinta, amma ba su son yinsa. Mutum ɗaya aka ce ya shiga ya dawo da wanda ya je nema, kuma ba wani barde ba ne. Wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa a Tudun Gawo, ana ce mata Tasalla.

Tasalla Allah ya hore mata baki. Babu yaro ko babba a garin da bai sha laƙabi a wurinta ba, kuma in ta liƙa maka suna, da shi za a kai ka kabari. Suna ɗaya ne bai taɓa fita daga bakinta ba, na ɗanta na fari, Ukashatu. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane, amma Tasalla ta ɗauki wannan al'ada ta ƙara mata gishiri. Har ya yi gemu, ya zama jagaban ayari mai karanta hanya a jikin taurari, "kai wancan" take ce masa. In ya dawo daga tafiya sai ta kau da kai ta ce rana ta yi zafi yau, sannan ta zagaya ta yanka masa zakaran da ta fi so.

Wata shekara ayari ya dawo babu shi. Madugu Ɗan Barmo ya zo har rumfarta, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Inna, na zo da magana mai nauyi. Guguwa ta shafe mana hanya, ruwa ya ƙare, har mun fara yi wa juna wasiyya. Sai ga wani dogo ya ɓullo daga cikin rairayi. Ya ce shi baran Zuhalu ne, zai nuna mana rijiya in mun ba shi jagabanmu, don taurari masu yawo na neman na shida. Kafin mu buɗe baki ɗanki ya amsa. Mun sha ruwa, shi kuma ya bi dogon nan cikin rijiyar. Ranar da jinjirin wata zai tsaya za su raɗa masa sabon suna. Daga ranar, duk wanda ya san shi a duniya zai manta an taɓa yinsa."

Tasalla ta ci gaba da jera daddawa a faifai.

"To, shi ya sani," in ji ta. "Dama wancan tun yana rarrafe ba ya jin magana."

Gari na wayewa aka ga ƙofarta a rufe. Ta ƙulle daddawa a gefen zane, ta sa Ɗan Barmo a gaba ya kai ta bakin rijiyar. Da ta leƙa, ba ruwa ta gani ba, sararin sama ta gani shimfiɗe a ƙasa. Ta yi bisimilla, ta gyara ɗaurin zane, ta kama igiyar guga ta shiga, sannan ta sake ta.

Ta yi ta faɗuwa har faɗuwar ta koma tashi, ta dira a gaban wata ƙofa ta farin ƙarfe. Mai tsaronta wani siririn saurayi ne da ba ya iya tsayuwa. Kafin ta gama sallama ya zagaye ta ya dawo.

"Ya ke 'yar Adam, ni ne Utaridu, ɗan aiken birnin nan. Larabawa suka ba ni wannan suna. Mutanen Babila sun ce ni ne Nabu, magatakardan gumakansu. Rumawa suka ga saurina suka ce Markuri, wai manzon nasu gumakan. Mutanen Sin kuwa tauraron ruwa suke ce mini, ni da ban taɓa jiƙa ƙafa ba. Mu duka biyar Yunanawa suka kira mu masu yawo, sunan ya bi mu. To ke fa? A bayan ƙofar nan akwai gajeriyar hanya zuwa fadar Zuhalu, amma uwa kaɗai ake buɗe wa. Ɗanki kika zo nema?"

Nan fa Tasalla ta yi abin da ta saba. Baƙo, namiji, ya tambaye ta ido da ido ko ta damu da ɗan fari! Kafin hankalinta ya iso, bakinta ya riga ya tafi.

"Wa? Ni? Haba, ɗan nan! Hanya ce kawai ta biyo da ni."

Ƙofar ta yi ƙara ta narke cikin bango. Utaridu ya dafe kai.

"Kash! A nan ba a san kawaici ba, abin da baki ya faɗa shi ake ɗauka. Yanzu sai ki bi ta ƙasar wuta da ƙasar iska, kuma wata ya kusa tsayawa."

Tasalla ta ji kamar ta mari kanta. Ta haɗiye kuka, ta kama hanya.

Ƙasar wuta ja ce tun daga ƙasa har sama. Duwatsunta na huci, a tsakiyarta kuma wani kogi na garwashi yana gudu. Takalmanta suka ƙone, tafin ƙafarta ya fara tashi. A bakin kogin wani ƙato ke zaune, jajawur, ya haɗa kai da gwiwa.

"Tsaya nan!" ya daka mata tsawa. "Ni ne Mirriku. Babila ta kira ni Nargal, uban annoba. Rumawa suka ce Marsi, gunkin yaƙi. Yunanawa sun ce mai wuta, mutanen Sin ma haka. Duk wanda ya ɗaga kai ya ga jana, sai ya tuna jini. Ba mai haye kogin nan sai ya kira ni da sunan da ban taɓa ji ba. Wanda ya kasa, makamashi ne."

Tasalla ta dube shi sama da ƙasa. Ta yi jikoki, ta san fushin gaske, ta kuma san na yaron da aka hana shiga wasa.

"Ranka ya daɗe, ka taɓa yin yaƙin kuwa?"

Ƙaton ya sunkuyar da kai. "Ko ƙuda ban taɓa kashewa ba. Ni bawan Allah ne, inda aka ce in bi nan nake bi."

"Allah sarki! Ashe sharri aka yi maka. Mu a garinmu yaro in ya zo da irin kalarka, Jatau muke ce masa, kuma shi ake fara ba ƙosai. Taso, Jatau, ka haye da ni, ƙafata ta gaji."

Mirriku ya maimaita sunan a hankali, ya sake maimaitawa, sai ga hawaye. Inda hawayen ya ɗiga garwashi ya mutu. Ya ɗora ta a tafin hannu ya tsallake kogin da ita.

"Wa kike nema a wannan nisa, Inna?" ya tambaya.

"Wani yaro ne na unguwarmu," in ji Tasalla, tana kallon gefe. Ko ba komai an samu ci gaba.

Ƙasar iska ba ta da ƙasa ma. Gajimare ne a shimfiɗe layi-layi kamar saƙin gwado, guguwa na kaiwa da komowa a kai. Ta ɗauke Tasalla ta wurga nan, ta wurga can, ta fizge mata ɗankwali, ta ƙarshe ta ajiye ta a gaban wani basarake mai tumbi, wanda girmansa ya tare rabin sama.

"Maraba da baƙuwa!" Muryarsa kamar tsawar farkon damina. "Ni ne Mushtari. A Babila Marduk ne ni, a Rum Jubita, duk sarakunan gumaka, don sun ga na fi 'yan'uwana jiki. Mutanen Sin suka ce tauraron itace. Larabawa kuwa suka ba ni sunan da ke nufin mai saye, ga shi har yau ban sayi ko allura ba. Abin yana damuna. Ba za ki wuce ba sai kin sayar mini da wani abu, ladanki kuma iskar da za ta kai ki gaba. Na hango wani abu mai nauyi a ƙirjinki, kunyar nan taki. Sayar mini da ita, tafiyarki ta yi sauƙi."

Da ta sayar, da komai ya zo da sauƙi, Tasalla ta san haka. Amma a hannun uwarta ta karɓe ta, ita ma a hannun tata uwar.

"Allah ya ja zamanin sarki, wannan ba tawa ba ce ni kaɗai, ba na iya sayarwa. Amma ga abin da na fi kowa iyawa."

Ta kwance gefen zane. Warin daddawa ya tashi ya cika fadar, fadawa suka toshe hanci. Mushtari ya sansana, ya gutsura, ya lumshe ido.

"Na taya. Kin sallama?" in ji shi, yana jin daɗin kalmar a bakinsa.

"Albarka, sai ka ƙara, ranka ya daɗe."

Suka yi ta ciniki kamar a kasuwar ƙauye, sarki na dariya har gajimare na girgiza. Da aka sallama, ya kira wata iska mai laushi ya ce ta ɗauki baƙuwarsa. Ya tambaye ta wanda take nema.

"Jikan surukata ne," in ji ta.

Iskar ta sauke ta a wani lambu mai haske, inda wata mace ke zaune tana kitsa kanta. Tasalla ba ta jira an gaya mata ba. Wannan ta san ta tun tana yarinya.

"Zara matar wata! Ashe rai kan ga rai."

Matar ta yi murmushi. "Ke ce kika kira ni yadda nake so. Larabawa sun ce Zahra, mai ƙyalli, ku kuka tauna shi ya koma Zara, kuka kuma ɗaura mini aure da wata don kun ga ina zama kusa da shi. In na fito da asuba ku ce Gamzaki. Yunanawan farko ma sun ɗauka mu biyu ne, suka yi mini suna na safe da na yamma. Babila ta ce Ishtar, Rum ta ce Binus, duk gumakan ƙauna. Zauna, 'yar'uwa. Nan babu namiji. Wane ne shi a wurinki?"

Ta jawo ƙafafun Tasalla ta shafa musu wani mai mai sanyi. Rabon da wani ya taɓa tsohuwar nan da tausayi har ta manta.

"Na fari ne," ta ce, da ƙyar ake ji. "Ina yarinya na haife shi. Ina sonsa fiye da numfashina, kuma bai taɓa ji a bakina ba."

"To yau zai ji, ko kuwa gobe ki farka ba ki san kin taɓa haihuwarsa ba. Tashi, mijina ya fara leƙowa."

Zara ta goya ta kamar jaririya, suka yi sama. Suka wuce inda haske ke ƙarewa, sanyi ya fara shiga ƙashi, har suka iso fadar Zuhalu a ƙarshen birnin. Wani dattijo ne tukuf, rawaninsa ya yi faɗi ya zagaye shi kamar faifai. Kafin ya ɗaga kai ya dube su, Tasalla ta ƙosa.

"Ni ne Zuhalu," ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Ma'anarsa wanda ya ja baya ya yi nisa. Rumawa sun ce Saturnu, gunkin shuka. Mutanen Sin sun ce tauraron ƙasa. Na ga sunaye sun zo, na ga sun wuce. Kin iso a ƙurarren lokaci, ya ke 'yar Adam. Dubi can."

A gabansu akwai wani rami da ba a ganin ƙarshensa. A hayinsa, kan wani dutse, wani mutum na tsaye ya ba su baya. Ko a cikin dubu Tasalla za ta gane ƙeyar nan. Haske ya cinye ƙafafunsa, ya haura ƙugu, yana tafiya ƙirji.

"In hasken ya rufe kansa zan raɗa masa suna," in ji Zuhalu. "Alkawari ya yi da bakinsa. Amma haƙƙin uwa ya riga alkawari. Ki kira shi, in ya waiwayo naki ne. Sai dai babu maganar da ke fara haye ramin nan sai sunan mutum na yanka."

Tasalla ta matsa bakin ramin ta cika ƙirji. "Kai wancan!"

Maganar ta tafi kaɗan ta faɗa ramin kamar tsakuwa. Ta gwada "mai sunan kakansa", ita ma ta bi ta. Ta juya ga Zara tana roƙo da ido.

"Ki kira mini shi mana, 'yar'uwa."

"Ba ni na haife shi ba."

Haske ya kai wuya. Ga Zuhalu, ga barorinsa, ga taurari sun taru rututu suna kallo. Tasalla ta ji kamar an ce ta tuɓe a tsakiyar kasuwa. Ta rufe fuska da gefen zane, ta rintse ido, ta kira da muryar da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

"Ukashatu!"

Sunan ya haye. Kafaɗun mutumin suka girgiza, amma bai waiwayo ba.

"Koma inda kika fito, aljanar banza," ya ce. "Kun yi ta kirana da muryar Inna don in juyo in faɗa ramin nan. Ba ku san Inna ba. Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta kama sunana ba."

Zuhalu ya girgiza kai. "Gaskiya ya faɗa. Aljanun rami sun gwada shi da muryarki, da wannan ya gane su."

Tasalla ta zube a gwiwa. Abin da ta riƙe tsawon rayuwa don mutunci, shi ne yau zai raba ta da ɗanta. Haske ya taɓa haɓarsa. Ta yaye zanen daga fuskarta, ta bar kowa ya ga hawayen.

"Ukashatu, saurara. Ka ce ban taɓa faɗar sunanka ba. Ƙarya ne. Ranar suna ina ƙuryar ɗaki na ji maroƙi ya shelanta shi, na maimaita a cikin filo. Tun daga ranar babu sallar da na yi ban faɗe shi ba. Duk sanda na kai goshi ƙasa, Ukashatu nake cewa. Allah ka tsare mini Ukashatu, Allah ka dawo mini da Ukashatu. Ba ka ji ba ne don ba kai nake faɗa wa ba. Na kai shi inda zai yi maka amfani. Yanzu in ka ga dama ka tsaya nan ka yi ta ƙyalli, shashasha, ka bar ni in manta da wanda nake wa addu'a!"

Sai mutumin ya juyo gaba ɗaya, fuskarsa jiƙe sharkaf.

"Inna?"

Hasken ya zube daga jikinsa kamar ruwan wanka. Ramin ya haɗe bakinsa. Ukashatu ya taho da gudu, ƙaton mutum mai gemu, ya faɗi a gabanta ya kama ƙafafunta yana kuka. Ta ɗora hannu a kansa, a gaban kowa, ta bar shi a wurin.

Zuhalu ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Duk sunayen da aka ba mu, daga nesa aka hango mu aka ba mu, wasu don tsoro, wasu don sha'awa. Ba mu da sunan da za mu ba ɗanki da ya kai wanda yake da shi. Ku tafi, an yafe alkawari."

Utaridu da kansa ya buɗe musu gajeriyar hanya. Suka fito ta bakin rijiya da almuru, ga jinjirin wata ya tsaya, Zara na gefensa. Ɗan Barmo da mutanensa suka yi ta kabbara. Tasalla na ganin mutane ta saki hannun ɗanta, ta gyara zane, ta ce sanyi ya fara sauka. Aka ɗora ta a raƙumi, Ukashatu ya kama akala. Da suka ba ayari 'yar tazara sai ya rage tafiya, ya ɗaga kai yana murmushi kamar yaron da ke neman ƙarin tuwo.

"Inna, don Allah ki ƙara faɗa. Sau ɗaya kawai."

"In faɗi me?"

"Kin sani mana."

Tasalla ta kau da kai. "Ka ji na yau, ya ishe ka har tsufa. Sauran ba naka ba ne. Ja raƙumi mu sami wuri in yi magariba, lokaci na wucewa."

Ya durƙusar da raƙumin a gindin wani tudu, ya shimfiɗa mata bargonsa, ya koma gefe. Da ta kai goshi ƙasa ya ga leɓɓanta na motsi, ta kuma daɗe ba ta ɗago ba. Bai matsa kusa don ya ji ba. Ya zauna a kan rairayi ya rufe fuska da rawani, yana cewa amin.